Gadon Jatau

Ranar da aka raba gadon Baba Jatau
a zauren gidanmu na Tudun Jukun,
ni na sami gonar bakin Kubanni,
Kande ta sami akuya uku da keken ɗinki,
bindiga kuwa ta faɗa wa Yaya Barau,
shi da ke wata jiha, tafiyar yini guda,
inda ya ce ko kwanson harsashi
aka gani a aljihunka, sai ka yi bayani.

Duk da haka ya ce a waya: Tanimu, kawo mini ita.
Kamar mai aiken a sayo masa daddawa.

Na sauke ta daga ƙusar da ta saba.
Bango ya riƙe siffarta, fari fat,
inuwar da ta ƙi bin mai ita.
Ƙotar ta yi santsi inda kuncin Baba ke kwanciya.
Na shinshina bakinta: albarushi da man kaɗanya.

Lasisi na cikin burgami, ninki takwas,
gara ta cinye rabin hatimin.
Sunan da ke kai
na mutumin da muka kai makwanci ran Talata ne.
Takarda ba ta da labarin an yi rasuwa.

Da asuba, a tashar Kwangila,
Ɗan'azumi direba ya ɗaga naɗin tabarmar,
ya jinjina, ya dube ni.
Ya ce: wannan ba rake ba ce.
Shinge goma sha ɗaya ne tsakaninmu da can,
na san su kamar haƙorana.
Na kusa sun san ni,
na nesa ba su san uban kowa ba.
In suka kwance tabarmar nan,
da ni, da kai, da matar can mai goyo,
duk a bayan kanta za mu yi la'asar.

Wani mai hular sanyi ya raɗa mini:
tura ta ƙarƙashin buhun masara, wa zai duba?
Na yi shiru har shayina ya huce.
Baba a kafaɗa yake ratayarta, da rana tsaka,
yara na bin sa suna leƙen ko ya samo zabo.
Ban ga ranar da zan kwantar da ita kamar kayan sata ba.

Na hau Keke zuwa caji ofis.
Sajan Laraba ta saka tabarau,
ta karanta abin da gara ta rage.
Ta ce: izinin nan na mamaci ne, ba a gadonsa.
Yayanka ya nema a can, da sunansa,
in sun ba shi, a san yadda za a kai.
Kafin nan a wurinmu za ta kwana.
Ta ɗaura mata lamba da zare a kunama,
kamar yadda ake yi wa jariri a asibiti.

Na ce: a bar mini maratayin.
Fatar gada ce, Baba ya jeme da hannunsa,
gumin kakar farauta arba'in ya mai da ita baƙa.
Ta kwance, ta miƙo, ba ta ce komai ba.

Motar azahar na samu.
Dutsen Kufena na ƙanƙancewa a madubi,
rasit a aljihun gaba, fata a cinyata.
Kafaɗata ta dama sai karkacewa take
don nauyin da babu.

A shingen farko wani kurtu ya leƙo:
Malam, me ka ɗauko?
Na ce: gado.
Na warware masa. Ya juya fatar, ya shinshina,
ya ce kakansa ma yana da irinta,
ya buga jikin mota, muka wuce.

Saura goma.
Har yanzu ban san me zan ce wa Barau ba.